Ka Ce Na'ura Ta Gyara Lissafi a Matamaye?

Sauke girar nan, taubashi, ban ce a sayar da garkar rakenka ba. Abin da na ce bai wuce wannan ba: lokaci ya yi da 'yan lise na Matamaye za su riƙa yin atisayen lissafi da fizik a kan salula ko kwamfuta, manhaja ta ba su tambaya, ta duba amsa, ta nuna musu nan take inda suka karkace. Laifina ke nan gaba ɗaya. Amma ga ka nan har ka ture kofin shayi, kana salati, kana waige-waigen wanda zai taya ka mamaki.

Ka ce a Matamaye? E, a Matamaye. Ban ce Yamai ba, ban ce Faris ba. Nan dai, cibiyar gundumar Kance, inda motar Damagaram ke ratsawa ta nufi Ɗan Barto da Daura. Me ya sa sunan garinku ne kaɗai ke ba ka dariya in an haɗa shi da abin zamani? Salular da ke aljihunka a wace ƙasa take aiki? Da ita kake jin yadda naira ta kwana tun kafin ka wanke ido. Da ita kake aika murya ta minti bakwai a WhatsApp kan zancen da minti ɗaya ya ishe shi. Da ita ƙanenka ke raba dare a fada yana kallon TikTok. A duk wannan rezo bai taɓa ba ka kunya ba. Sai da aka ce yaro ya warware x² − 5x + 6 = 0, sannan ka tuna cewa mu mutanen karkara ne.

Bari in kwance maka kayan a gabanka, don na lura rabin musunka da abin da ba ka taɓa gani ba kake yin sa. Mushe, malamin ajin, zai zauna sau ɗaya ya shigar da tambaya cikin manhaja. A ce ta fizik ce: an saki dutse daga bakin rijiya, ya yi daƙiƙa 2 kafin ya taɓa ruwa, nawa ne zurfinta? Yaro ya jawo takarda da biro, don ba wanda ya kashe su, ya ninka lokacin da kansa, ya ninka da 9,8, ya raba biyu, ya samu mita 19,6, ya shigar. Manhaja ta ce madalla. Na kusa da shi ya manta bai ninka lokacin da kansa ba, ya samu 9,8. In Mushe ya tsara tambayar da kyau, manhaja ba za ta ce masa "ka faɗi" ta yi shiru ba, za ta ce ya koma ya dubi abin da ya yi da daƙiƙoƙin nan biyu. Na uku ya manta da rabawa, ya fito da 39,2, shi ma akwai tasa maganar da ke jiran sa. Na huɗu ya rubuta 19,6 tsirara, babu mita babu komai, ta tambaye shi: 19,6 na mene ne, awaki ko buhunan gero? Sannan ta miƙa wa kowa wata rijiyar ya sake gwadawa. An gama duk wannan shayin farko bai tafasa ba.

Ka ce ai Mushe ma yana yin haka da jan biro? Yana yi, Allah ya saka masa. Amma yaushe? Tun da lissafi muke magana, zo mu yi shi tare, kada ka gudu. A ce malami yana da aji biyar, kowane aji ɗalibi 70. Takarda 350 ke nan. A ce kowace ta ci masa minti goma, in har karantawa zai yi, ba ya shafa ta da ido ya ɗora maki ba. Minti 3.500. Raba da sittin. Na ga kana laluben salula, bar ta, awa 58 ne da ɗoriya. Kusan mako ɗaya da rabi na cikakken aikin ma'aikaci, a kan gwaji ɗaya tak, ga shi kuma gobe da safe yana da darasi, yana da iyali, yana da jana'iza da suna kamar kowa. Don haka takardar da aka rubuta yau sai bayan mako biyu ko uku take dawowa. Lokacin aji ya bar wannan babin, ya shiga wani, ya kusa fita. Yaro ya karɓa, ya dubi kusurwar sama, ya ga 06/20, ya ninke ta huɗu ya cusa a aljihu. Duk rubutun da Mushe ya hana idonsa barci ya yi a gefen takarda, ba wanda ya karanta shi sai mai ƙosan da ta naɗe wa wani na dala ashirin a ciki.

Nan ciwon yake, kuma shi kaɗai na zo faɗa. Kuskuren lissafi in ya kwana uku ba a taɓa shi ba, ya zama ɗan gida. Yaron da ya buɗe baka a −(x − 3) ya rubuta −x − 3 a ajin farko na lise, ba a kama hannunsa a ranar ba, da wannan kuskuren zai shiga ɗakin bak, yana mai cikakken yaƙini. A 2021 waɗanda suka ci bak a Nijar ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Ban ce rashin manhaja ne ya kayar da sauran ba, kada ka sa mini magana a baki; akwai ƙarancin malamai, akwai yajin aiki, akwai yunwa, akwai ajin kara. Amma cikin dukan waɗannan, jinkirin gyara ne wanda ake iya ragewa ba tare da an jira kasafin kuɗin baɗi ba.

Ka ce satar amsa za ta ƙaru? Allah Sarki, ga mai tsoron Allah ya iso. Kai da ka gama kwaleji da wuya a karkace saboda leƙen takardar maƙwabci, yau kai ne mai wa'azin amana. To saurara. A kan allo tambaya ɗaya ce ga mutum saba'in, uku-uku a benci, gwiwa na gugar gwiwa, amsa ɗaya ta isa ta ciyar da layi guda har da na baya. A manhaja kuwa kowa da rijiyarsa. Dutsen wannan ya yi daƙiƙa 2, na maƙwabcinsa 3, na wanda ke bayansu 1,5. Wanda dutsensa ya yi daƙiƙa 3, amsarsa 44,1 ce. In ya leƙa ya kwafo 19,6, ya ɗauko wa kansa sifiri da hannunsa. Abin da ya rage masa shi ne ya raɗa wa maƙwabcin: "Kai, ya aka yi ka samu?" Shi kuma ya nuna masa hanya. Irin wannan satar ce muke roƙon Allah ya yaɗa ta har Tsauni da Yawuri.

Kada kuma ka ɗauka jiya aka ƙirƙiro dabarar don a cuce ka. Manhajar WIMS, wadda ke sauya wa kowane ɗalibi lambobi, wani malamin lissafi ɗan asalin ƙasar Sin mai suna Xiao Gang ne ya gina ta a jami'ar Nice ta Faransa tun ƙarshen shekarun 1990. Kyauta ce, kuma cike take da atisaye cikin Faransanci, harshen da yaranmu ke rubuta bak da shi. Moodle ta fito a 2002 daga hannun Martin Dougiamas na Ostareliya, ita ma ba a sayar da ita. Malaman lissafi na Faransa suna da ƙungiyarsu, Sésamath, mai dandalin Labomep. Kafin su duka, a shekarun 1920, wani malamin jami'ar jihar Ohio ta Amurka, Sidney Pressey, ya ƙera akwatin ƙarfe mai maɓallai huɗu da ke nuna tambaya ya ƙirga amsa, har da wurin da alewa ke faɗowa in ɗalibi ya yi abin kirki. Shekara ɗari ke nan, taubashi. Abin da kake kira sabon iskanci ya girmi kakanka.

Ka ce to ai yaro zai ɗauki hoton tambayar da Photomath, ko ya tura wa ChatGPT? Zai yi mana. Yau ma yana iya yin haka da aikin gidan da Mushe ya rubuta da alli, ba manhajar gwaji ce ta koya masa ba. Maganin ba shi da tsada: atisayen kullum kada a ɗora masa maki mai nauyi, don a cire ribar yaudara. Ranar gwajin gaske salula tana cikin kwali a kan teburin malami. Ga kuma abin da takarda ba ta iya yi: manhaja tana rubuta lokacin da kowa ya ɗauka. Yaron da ya warware tambaya goma masu wuya cikin daƙiƙa arba'in, ko dai a yi masa kiɗa a raka shi Yamai, ko a miƙa masa alli a ce bismilla, maimaita mana ɗaya.

Yanzu ka zo inda kake da ƙarfi, na ga har ka gyara zama. Ka ce wuta fa? Rezo fa? Kuɗin forfe fa, wa zai biya? A nan ba zan yi maka gardamar banza ba. Wutar Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma ba wanda ya manta Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da Najeriya ta katse ta, aka yi watanni ana kwana a waje ana fifita, sai a 2024 ta dawo. Duk wanda ya gina darasinsa a kan cewa kullum akwai wuta da intanet, ya shirya wa kansa hutu ne.

Sai dai wa ya ce maka dole sai da intanet? Akwai wata 'yar kwamfuta, Raspberry Pi, ba ta fi tafin hannunka ba. Wani malamin makaranta a Suwizalan, Nicolas Martignoni, ya cusa mata Moodle ya sa wa abin suna MoodleBox. A ajiye ta kan tebur, ta watsa nata wifi iyakar ajin, salula ashirin da 'yan kai su haɗu da ita. Babu kati, babu forfe, kuma, ka riƙe wannan da kyau, babu TikTok, don ba ta san hanyar waje ba. Batirin da kake cajin waya da shi in za ka yi tafiya yana iya riƙe ta. Kolibri, ta wata ƙungiya mai suna Learning Equality, ita ma don makarantun da ba su da intanet aka gina ta. Mushe ya leƙa inda rezo ke da ƙarfi sau ɗaya a wata ya sauko da sababbin tambayoyi, ya wadatar. In kuma wata rana lise ta samu Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar a 2025, to nafila ce a kan farilla.

Caji kuwa, in ka ce rana ta yi mana ƙaranci a watan Afrilu sai in kama hannunka mu tafi likita. Kuma ka yi hattara da raina rana a wannan yanki. Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, nan kan hanyar Maraɗi. Masanin fizik ne, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, ya ƙare rayuwarsa yana nuna cewa wannan ranar da ke gasa mana ƙeya dukiya ce, har ya rasu a 1991. Shekara talatin da ɗoriya bayansa, mai shagon caji a tasha ya gane karatun, ya kafa pano yana karɓar dala-dala. Kai ne kaɗai ka rage kana cewa makaranta ba za ta iya ba.

Ka ce yaranmu ba za su iya da na'ura ba? Subhanallahi! Yaron da kake kira ya buɗe maka salula duk sanda ta kulle, shi ne ba zai iya ba? Bar ma yara. A 2009 da 2010 an yi wani gwaji a ƙauyuka fiye da ɗari na jihohin Doso da Damagaram, shirin yaƙi da jahilci mai suna ABC, wanda ƙungiyar CRS ta gudanar, Jenny Aker ta jami'ar Tufts da abokan aikinta suka bi diddiginsa. Manya ne, maza da mata, waɗanda ba su taɓa zama a benci ba. Wasu ƙauyukan aka haɗa musu karatun da koyon amfani da ƙaramar salula mai maɓalli, wasu aka bar su da allo kaɗai. Da aka gwada su, masu salula sun fi samun maki a rubutu da lissafi. Iyayenmu ke nan, a jiharmu, da wayar da ko hoto ba ta ɗauka. In kuwa lissafin ne kake ganin ba jininmu ba ne, je kasuwa ka tsaya kusa da mai tumatir, ka ga yadda take juya sefa zuwa dala, dala zuwa naira, ta ba ka canji kana nan kana motsa leɓe. Tun a 1732 Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi kan yadda ake gina hatimi, wato murabba'in lambobin da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741, masana tarihin lissafi na ambaton sa har yau. Katsina kuwa ka san ba bayan teku take ba.

To, ga wadda kake ɓoyewa tun ɗazu, fito da ita. Ka ce so ake a kori Mushe a ɗora kwamfuta a kujerarsa? Da injin ban ruwa ya shigo garkunan Dungu, ka ji manomin rake da ya rasa aiki? Guga ce ta huta. Inji ya jawo ruwa, amma wanda ya san kwamin da ke jin ƙishirwa da wanda ruwa ya yi wa yawa, har gobe mai garka ne. Abin da manhaja ke ɗauke wa malami shi ne jan guga: ƙirga daidai da kuskure sau 350.

Dubi abin da take ba shi a madadin haka. Da safe kafin ya shiga aji ya buɗe, ya ga jerin sunaye a gefe, tambayoyi a sama, kore da ja a tsakani. Ya ga tambaya ta huɗu ta yi ja daga sama har ƙasa, arba'in cikin saba'in sun ce (a + b)² daidai yake da a² + b². Da can sai bayan mako uku zai sani, in ma ya lura. Yau ya ajiye abin da ya shirya, ya zana murabba'i a allo, kowane gefe a da b, ya tsaga shi gida huɗu. Ga babban gida na a², ga ƙaramin na b², ga kuma gidaje biyu dogaye a gefe, kowanne ab, suna kallon yara. Ya ce, waɗannan biyun wa kuka bar wa su? Minti goma, an cire ƙayar. Wannan zanen da wannan tambayar babu manhajar da za ta yi su a madadinsa, don ita ba ta ganin fuskar yarinyar da ke benci na uku wadda ta gyaɗa kai alhali ba ta gane ba.

Fizik ma ya fi lissafi buƙatar wannan leƙen, don yaro yana shigowa aji da nasa fizik ɗin na gida, kuma ba ya sakin sa da sauƙi. Bari in gwada ka. Dutse mai kilo biyar da mai kilo ɗaya, a sake su tare daga saman soro, wanne zai riga isa ƙasa? Ka ce babban mana? Na gode, zauna, sifiri. Tare za su isa. A 1971 ɗan sama jannatin Apollo 15, David Scott, ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iskar da za ta riƙe gashin, suka faɗi lokaci ɗaya duniya na kallo. Kada ka ji kunya da yawa, kana da abokan tafiya masu daraja. Wajen 1990 Eric Mazur, malamin fizik a jami'ar Harvard, ya ba ɗalibansa irin waɗannan tambayoyi marasa lambobi, ya tarar da yawansu suna iya warware lissafi mai sarƙaƙiya amma suna tuntuɓe a kan abin da ake zaton kowa ya sani. Daga nan ya sauya salo: ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa, ya ga yadda aji ya rabu, ya ce kowa ya juya ya shawo kan maƙwabcinsa, a sake zaɓe. In 'yan Harvard na buƙatar a leƙa cikin kansu kowane darasi, 'yan ajin C da D namu ba su yi laifi ba in sun buƙata.

Na san akwai malamin da ke karanta wannan yana cewa a ransa, wannan jadawalin kore da ja wata rana insifekta zai karɓe shi ya auna ni da shi. Tsoron yana da tushe. Malamai ba su manta jarrabawar da aka yi wa 'yan kwantaragi na firamare a 2017 ba. Shi ya sa nake cewa akwatin ya zauna a hannun malaman makarantar, sakamakon ya zama nasu da ɗalibansu. Ranar da ya zama bulala, ranar kowane aji zai koma kore shar, kuma ba don an gane ba.

Ka ce duk wannan canki-canka ne, A ko B ko C, ko makaho ya jefa zai dace? Da can kana da gaskiya, yanzu ka makara. Akwai manhaja irin STACK, wadda Chris Sangwin ya fara a Birtaniya, da jami'ar Maseno ta Kenya ke amfani da ita ga azuzuwan lissafi masu ɗaruruwan ɗalibai. A cikinta yaro da kansa yake rubuta amsar, babu zaɓi. A bayanta akwai injin aljabara da ya san 2(x + 1) da 2x + 2 abu ɗaya ne, ya kuma san in an ce a tattara ne ko a warware.

Amma tsaya, kada ka ga ina ta kare ta ka ɗauka waliyyiya ce. Na'ura tana da wautarta, kuma wauta ce mai taurin kai. Yaronmu ya saba rubuta 19,6 da waƙafi yadda aka koya masa. Manhajar da aka saita a tsarin Ingilishi tana jiran 19.6 da ɗigo, sai ta ba shi sifiri ba ko kunya. Wanda ya ɗauki 10 a madadin 9,8, yadda malamai da yawa ke yarda, ya samu mita 20, in Mushe bai buɗe mata ƙofar rangwame ba ta ce ya faɗi. Irin wannan sau biyu ya isa ya sa yaro ya tsani darasin da na'urar gaba ɗaya. Maƙwabtanmu na kudu sun ga babbar irinta. Hukumar jarrabawarsu, JAMB, ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, amma a Mayun 2025 shugabanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan dubu 380, aka sake musu. Don haka in ka ji wani na cewa a mayar da BEPC ko bak kan kwamfuta baɗi, kira ni, tare za mu yi masa ihu. Ni atisaye nake magana, wanda in na'ura ta yi shirme Mushe zai gyara da safe a yi dariya a wuce.

Bak ɗinmu a takarda ake rubuta shi, kuma mai gyara hanya yake bi, ba amsar ƙarshe kaɗai ba. Yadda yaro zai jera hujja, ya ce tun da kaza to kaza, ya zana jadawalin hawa da saukar lissafinsa, ya rubuta jimlar da ke da kai da ƙafa, wannan jan biro ne kaɗai ke koyar da shi. To amma jan biron da ya ƙare tawadarsa a kan gyaran alamar ɗebewa sau 350, ina ya ga sauran ƙarfin karanta hujja? A bar wa na'ura ƙananan, Mushe ya ba da tambaya biyu na rubutu masu nauyi, ya karanta su da natsuwa, ya mayar cikin mako.

Saura kuɗi, kuma a nan sai ka ba ni hannu, don bakinmu ɗaya. Ka ce wani zai zo da mota mai tambari, ya raba allunan zamani, a ɗauki hoto, bayan wata shida suna cikin kabad ɗin direkta bera na fitsari a kai? Ƙwarai kuwa. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare kwamfutoci dubu ɗaruruwa, binciken Bankin Raya Ƙasashen Amurka na 2012 ya duba bai ga ƙarin komai a lissafi ko karatu ba. An ba da na'ura, ba a ba malami abin yi da ita ba. Abin da ke da tsada a wannan harka lokacin malamai ne: su uku ko huɗu na lissafi da fizik su zauna su rubuta tambayoyi masu bin manhajar karatun ƙasa, su tuno kurakuran da suka saba gani shekara da shekaru, su rubuta wa kowanne amsarsa. Wannan zaman ya cancanci a biya shi. Ba kuma abin da ya hana bayanin kuskuren ya zo da Hausa a ƙarƙashin Faransancin, tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Abdou Moumouni kuwa tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka yake kiran a koyar da yara da harsunansu.

Abu ɗaya ne ba zan yi wasa da shi ba. In aka ce kowa ya yi a gida da salularsa, an raba ajin biyu tun ba a fara ba: ɗan mai shago yana da ita, ɗan manomi sai ya ara, 'yan mata da yawa kuwa ko akwai a gidan ba a hannunsu take kwana ba. A makaranta za a yi, cikin lokacin karatu, biyu-biyu ko uku-uku a kan na'ura ɗaya, rabin aji na kan takarda rabi na kan manhaja, a yi musanya.

Ka ce har yanzu ba ka yarda ba? Ban sa rai ba, na san gidanku. Ba na ma neman yardarka, aiki zan ba ka. Taron uwayen yara na gaba kada ka aika da gaisuwa, ka je da ƙafarka, ka ɗaga hannu ka tambayi malaman lissafi da fizik kwana nawa takardar gwaji ke yi kafin ta dawo hannun ɗanka, da kuma takarda nawa ce a jakar kowannensu a ranar. In amsar ta yi maka daɗi, ka ci ni, shayin wata guda a kaina. In ba ta yi ba, ku nemi aji ɗaya, akwati ɗaya, pano ɗaya, a gwada zango ɗaya na karatu, sannan ka dawo mu ci gaba da musun.